Filin Likita: Idan Ciwon Gaɓoɓi Ya Haɗu da Ciwon Damuwa

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga masu fama da cututtukan kumburi masu daɗewa, irin waɗanda garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa gaɓoɓi ko hanji, da kuma masu jinyarsu. An taƙaita wasiƙun, an kuma cire sunaye. Amsoshin ƙarin haske ne, kuma ba za su maye gurbin likitan da ya duba mutum ido da ido ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 41, kuma shekara shida ke nan da aka tabbatar mini ina da amosanin gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke jawowa. Ina shan metotirezet sau ɗaya a mako, ina shan daikulofenak kusan kullum, idan kuma ciwon ya tsananta sai in ƙara da tiramadol da wani likita ya taɓa rubuta mini a baya. Wata huɗu ke nan ba na samun barci sosai, ba na sha'awar komai, ko hira da 'ya'yana ta zame mini aiki. Da na je asibiti na fashe da kuka, sai likita ya yi mini tambayoyi, ya ce ina da ciwon damuwa, ya rubuta mini satiralin. Har yau ban fara sha ba. Raina ya ɓaci, domin gani nake kamar yana nufin ni ce nake ƙirƙirar ciwon, kuma ina tsoron kada in saba da maganin in kasa rabuwa da shi. Ina neman shawararka.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Na fahimci ɓacin ranki, domin wadda take farkawa kullum da yatsu a sandare, ta shafe fiye da awa guda kafin ta iya ɓalla maɓallin riga, dole ta ji zafi idan ta ga kamar ana shakkar ciwonta. Sai dai bisa abin da kika rubuta, likitanki ya yi daidai da ya lura da damuwar, kuma lura da ita bai rage komai daga gaskiyar ciwon gaɓoɓinki ba. Cututtuka biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya, kowace tana ƙara wa ɗayar ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da irin ciwonki a duniya, kusan kashi 70 cikin ɗari mata, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa ciwon damuwa ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da sauran jama'a.

Dalilin ya wuce baƙin cikin rashin lafiya kawai, ko da yake shi ma yana da nasa kaso. Idan garkuwar jiki ta tayar da kumburi, takan saki wasu sinadarai a cikin jini waɗanda ba a gaɓoɓi kaɗai suke tsayawa ba, saƙonsu yana kaiwa har ƙwaƙwalwa, ya taɓa barci da cin abinci da kuzari da walwala. Duk wanda ya taɓa kwanciya da zazzaɓi mai zafi ya ɗanɗani wannan na 'yan kwanaki, lokacin da ba ya son magana, ba ya son ganin kowa, abin da yake so kawai shi ne a bar shi ya kwanta. Ke kuwa kumburinki ya yi shekaru. Likitoci sun ga hujjar wannan ƙarara a zamanin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon, wanda shi ma sinadarin garkuwar jiki ne, domin da yawa daga cikinsu, har da waɗanda ba su taɓa ciwon damuwa ba, sun kamu da shi bayan fara allurar.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai jijiyoyi da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, aikinsu shi ne rage ƙarfin saƙon zafi kafin ya hau sama, kuma da sinadaran sirotonin da noradirenalin suke aiki, wato sinadaran da ke da hannu a walwalar mutum. Idan damuwa da rashin barci suka raunana wannan kariya, kumburin da jiya kika iya jurewa yau sai ya zame miki azaba, alhali girmansa bai canza ba. Ga shi kuma mai ciwon damuwa yakan manta da magani, ya ƙi zuwa ganin likita, ya daina motsa jiki, gaɓoɓin su ƙara sandarewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne tiramadol, kuma ina zargin likitan da ya rubuta miki satiralin bai san kina shansa ba, tun da wani ne ya rubuta shi a baya. Tiramadol dangin mofin ne, wato maganin rage zafi mai ƙarfi, amma yana da wani aiki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba, wato yana ƙara yawan sirotonin, kamar yadda satiralin ke yi. Idan suka haɗu, sirotonin na iya yin yawa fiye da kima, mutum ya kama karkarwa da gumi da zazzaɓi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tsokoki su riƙa fizga, gudawa ta zo, hankali ya ruɗe. Yawanci hakan na faruwa ne cikin awanni ko kwana guda bayan haɗa su ko ƙara adadin ɗaya, kuma yana iya kai mutum ga halaka idan ba a garzaya asibiti ba. Haɗin yana kuma ƙara haɗarin farfaɗiya. Saboda haka kada ki fara satiralin sai kin koma kin gaya wa likitan gaskiyar kwana nawa a mako kike shan tiramadol, da ƙwaya nawa. Idan ya zamana kusan kullum ne, kada ki yanke shi dare ɗaya da kanki, a hankali ake rage shi.

Daikulofenak ma yana da tasa matsala da satiralin. Shi da danginsa, irin su ibufurofen da nafurokzen, suna raunana rigar da ke kare bangon ciki, satiralin kuma yana rage ƙarfin ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, don haka haɗa su yana ƙara yiwuwar gyambon ciki ya yi jini. Sau da yawa likita kan ƙara maganin kare ciki irin su omefirazol, ko ya rage daikulofenak ɗin. Idan kika ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, ki tafi asibiti a take. Shan sa kullum yana kuma wahalar da ƙoda, alhali ta ƙoda metotirezet ke fita daga jiki, shi ya sa gwajin jini da na ƙoda da na hanta a kai a kai ya zama wajibi a gare ki.

A nan ne nake ganin tambayar da ta fi muhimmanci take, kuma ba ki yi ta ba. Wadda ta shekara shida a kan magani amma har yanzu sai da daikulofenak take wuni, akwai alamar ba a shawo kan kumburin ba. Magungunan rage zafi suna lafar da raɗaɗi ne kawai, ba sa hana gaɓa lalacewa. Metotirezet ne ke yaƙi da tushen ciwon, kuma ana iya ƙara adadinsa har zuwa miligiram 25 a mako, ko a mayar da shi allura, ko a haɗa shi da salfasalazin da haidirokziklorokwin, ko a koma ga sababbin magungunan da ke toshe sinadaran kumburi kai tsaye, waɗanda aka fara amfani da su a ƙarshen shekarun 1990. Ki nemi a ƙirga gaɓoɓin da suka kumbura, a auna kumburin a jini. Idan aka tarar yana nan da ƙarfinsa, gyara wannan magani na iya sauƙaƙa damuwar ma. Idan kuwa aka tarar ya lafa amma zafin ya bazu ko'ina a jiki tare da gajiya da barci mara daɗi, to jijiyoyin ne suka zama masu saurin jin zafi, kuma a irin wannan hali likita na iya fifita dulokzetin a kan satiralin, domin shi yana taɓa sirotonin da noradirenalin duka, kuma an tabbatar da amfaninsa ga damuwa da wasu nau'o'in ciwo mai daɗewa. Ya kamata a duba ƙarancin jini da aikin tayirod, wato halittar da ke wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, domin dukkansu suna kawo kasala mai kama da ciwon damuwa.

Game da tsoron sabo, satiralin ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ƙishirwarsa, ba ya kuma sa a riƙa neman ƙari don a ji daɗi. Maganin da ke da wannan hali a cikin jakarki shi ne tiramadol. Gaskiya ne jiki yana sabawa da satiralin ta yadda idan aka daina kwatsam za a ji jiri da rashin sukuni, shi ya sa a hankali ake sauka daga kansa. A makon farko kina iya jin tashin zuciya ko ciwon kai ko ɗan firgici, kuma yawanci suna wucewa. Wasu yana rage musu sha'awar aure, kuma wannan abu ne da ya kamata a faɗa wa likita ba tare da kunya ba, domin akwai mafita. Amfaninsa kan fara bayyana bayan mako biyu zuwa huɗu, ba a kuma yanke masa hukunci sai an kai mako huɗu zuwa shida. Idan an samu sauƙi, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo. Zama da ƙwararren mai ba da shawara kan tunani yana ƙara wa maganin ƙarfi, kuma ina ba ki shawara ki nema.

Ba ki ambata ba, amma dole in tambaya. Idan tunanin cewa gara mutuwa, ko tunanin cutar da kanki, ya taɓa zuwa miki, ki gaya wa wani na kusa da kika amince da shi a yau, ku tafi asibiti tare, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 63, kuma shekara biyu ke nan tana shan firedinisolon saboda ciwon gaɓoɓi. Yana taimaka mata ƙwarai, amma halinta ya canza. Ba ta barci, abu kaɗan ya fusata ta, wani lokaci ta yi ta surutu, wani lokaci ta yi shiru tana hawaye, fuskarta kuma ta kumbura. Ni da ƙannena muna so mu karɓe maganin mu ɓoye. Hakan ya dace?

Amsa: Malam, Allah ya saka muku da alheri kan kula da Mama, amma ina roƙonku kada ku ɓoye maganin nan ko na kwana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukarin jiki, musamman a lokacin rashin lafiya. Firedinisolon kwaikwayonsa ne, kuma idan mutum ya sha shi fiye da kimanin mako uku, jiki kan rage samar da nasa. Bayan shekara biyu, waɗannan halittu sun yi barci mai nauyi, kuma idan aka yanke maganin farat ɗaya Mama na iya faɗawa cikin amai da kasala mai tsanani, jininta ya sauka, ta suma, har a rasa ta. Farfaɗo da su yana iya ɗaukar watanni, ana rage maganin kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar likita.

Duk da haka zarginku yana da tushe. Tun lokacin da Dakta Philip Hench ya fara gwada kotizon, ɗan'uwan firedinisolon, a kan wata mai amosanin gaɓoɓi a asibitin Mayo da ke Amurka a 1948, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu, likitoci suka ga abin mamaki da abin tsoro a tare. Waɗanda ba sa iya tashi sun miƙe cikin kwanaki, amma ba a daɗe ba aka lura cewa maganin yana taɓa hali. Rashin barci, saurin fushi, zumuɗi da yawan magana, da kuma baƙin ciki idan shan ya daɗe, duk sanannun illolinsa ne, kuma suna ƙaruwa da yawan adadin da ake sha. Kumburin fuskar ma daga gare shi ne. Saboda haka idan Mama ta yi muku faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ku tuna da wannan, ku yi mata uzuri.

Ku raka ta wurin likita, ku bayyana masa canjin halin dalla-dalla, domin ita da kanta ba lalle ta ga abin da kuke gani ba. Ku tambaya ko za ta iya shan maganin gaba ɗaya da safe bayan karin kumallo, wanda shi ne lokacin da jiki ke samar da kotisol ɗinsa, kuma hakan yana rage hana barci. Ku tambaya kuma me ya sa har yanzu take kansa, domin a ciwon gaɓoɓi an fi so ya zama gada ta ɗan lokaci kafin magungunan tushe su kama aiki, kuma ba ka ambaci ko tana shan ɗaya daga cikinsu ba. A shekarunta yana da kyau a auna sukari da hawan jini, a duba idanu, a kuma yi maganar kare ƙashi, tun da maganin yana sa ƙashi ya yi rauni. Kada ku saya mata maganin barci da kanku, domin ga mai raunin ƙashi faɗuwa ɗaya cikin magagi na iya karya ƙugu. Idan ta fara ruɗewa, ko ganin abin da babu, ko zargin mutane ba dalili, wannan na gaggawa ne.

Tambaya: Ni saurayi ne ɗan shekara 23, ina da ciwon kumburin babban hanji mai sa gyambo. Likita ya ce kumburin ya lafa, amma cikina bai daina ciwo ba, sai ya rubuta mini amitiriftilin miligiram 10 da dare. Na karanta takardar cikin kwalin na ga na ciwon damuwa ne, ni kuwa lafiyata lau ta wannan fanni. Sannan bayana yana ciwo, ko zan iya shan ibufurofen?

Amsa: Takardar ba ta yi ƙarya ba, likitanka ma bai yi kuskure ba. Don ciwon damuwa aka fara yin amitiriftilin, kuma adadin da ake bayarwa saboda shi yakan kai miligiram 75 zuwa 150 a rana. Daga baya aka gano cewa ɗan kaɗan daga cikinsa, miligiram 10 zuwa 25, yana kwantar da jijiyoyin da suka saba kai saƙon zafi ko bayan kumburi ya tafi, kuma hanjin da ya daɗe yana kumburi yakan bar irin waɗannan jijiyoyi a baya. Ka ba shi makonni kafin ka ce bai yi ba. Yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, don haka ka sha shi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, kada kuma ka yi tuƙi sai ka ga yadda yake yi maka da safe. Idan ciwon hanjin ya tashi da ƙarfi, da gudawar jini da kumburin ciki, ka sanar da likita nan da nan, domin maganin yana rage motsin hanji. Ka ajiye shi inda yaro ba zai kai ba, saboda yawansa yana da haɗari ga zuciya. Kuma tun da ba ka kai shekara 25 ba, ka sa ido a kan tunaninka a makonnin farko, domin a wannan rukuni na shekaru ne aka fi ganin baƙin tunani a farkon shan irin waɗannan magunguna.

Ibufurofen kuwa ka guje shi sai da izinin likitan hanjinka, domin shi da danginsa suna iya tayar da ciwon da ya kwanta. Farasitamol ya fi maka aminci, kada dai ya wuce giram ɗaya a lokaci guda ko giram huɗu a awa 24, ka kuma duba magungunan mura, saboda da yawansu suna ɗauke da shi. Amma kada ka raina ciwon bayan. Idan ya fi tsanani da asuba, yana tashin ka daga barci, yana sauƙi idan ka motsa, yana ƙaruwa idan ka zauna, yana iya zama kumburin gaɓoɓin ƙashin baya, wanda kan zo tare da irin ciwonka, kuma maganinsa daban ne.

Tambaya: Likita, ina da ciwon lufus, wanda garkuwar jiki ke afka wa sassan jiki daban-daban, kuma wata takwas ke nan ina shan dulokzetin. Na ji sauƙi sosai, sai na daina kwana uku da suka wuce. Yanzu jiri nake ji, da wani abu kamar wutar lantarki tana fizgar kaina, ga munanan mafarkai. Shin na zama 'yar ƙwaya ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Dulokzetin yana saurin fita daga jiki, rabinsa kan tafi cikin kimanin awa 12, don haka ƙwaƙwalwar da ta saba da shi wata takwas ta wayi gari babu shi ba tare da shiri ba. Alamomin da kike ji sanannu ne ga masu dainawa kwatsam, kuma ana bambanta su da dawowar ciwon damuwa ta lokaci, domin su cikin kwanaki suke zuwa, su kuma lafa da sauri idan aka koma kan maganin, shi kuwa ciwon damuwa a hankali yake dawowa cikin makonni. Ki tuntuɓi likitanki ko masanin harhaɗa magunguna yau, mai yiwuwa a ce ki koma sha, sannan a tsara miki sauka mataki-mataki cikin makonni ko watanni. Wata shidan da ake so a ci gaba da shan irin wannan magani ana ƙirga shi ne daga lokacin da kika warke, don haka wataƙila lokacin dainawar bai ma yi ba tukuna. Ki kuma sani cewa maganin yana iya kasancewa yana ɗauke miki wani kaso na ciwon jiki, wanda zai iya bayyana yayin da ake ragewa, sai ki riƙa rubuta yadda kike ji kowane mako ki kai wa likita. Kada ki tauna ko ki niƙa 'yan ƙwayoyin da ke cikin kafson don ki rage adadi da kanki, domin an lulluɓe su ne don su wuce ciki su narke a hanji.